Sha Biyar ga Watan da Aka Share

Tsibiri, ashirin ga watan goma, shekara ta biyar ta zamanin Sarki Meiji

Zuwa ga ɗana Sakuzo, a shagon kalanda, Osaka.

Gaisuwa mai yawa daga goggonka Kume. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Oriyo da 'ya'yan. Ni da sauƙi, in ban da gwiwar nan ta hagu da ke sanar da ni zuwan sanyi tun kafin masunta su sani. Haƙori ɗaya ya sake fita, saura bakwai, kuma duk bakwai ɗin suna aiki. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun gyaran kifi ne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, sha biyar ga watan sha biyu mai zuwa za a yi wa mijina, Babanka Rihei, addu'a ta talatin da uku, tunda daga shekarar rasuwa ake fara ƙirga. Ka san ita ce ta ƙarshe. Daga ita sai a ɗauke allon sunansa daga ɗakina a kai haikali, ya shiga cikin kakanni, a daina kiransa shi kaɗai. Shekara talatin da biyu ke nan mutumin nan yana tsaye a ƙofar kakanni yana jira in cika masa, kuma shi mutum ne marar haƙurin jira. Ko ruwan shayi bai taɓa bari ya tafasa ba.

Yawanci jikoki ne ke yin wannan addu'a, don da wuya matar mamaci ta kai. Mu ba mu haihu ba. Kai ne ka zauna hannuna bayan rasuwar uwarka, kai ne ɗan, saboda haka kai nake so ka riƙe allon. Ban sani ba ko kana tuna shi, shekararka huɗu sa'ad da teku ta ɗauke shi. Shi ne yake ɗora ka a wuya ya bi da kai ta hanyar yashi zuwa Dutsen Kunkuru idan ruwa ya janye, kana ja masa kunne kana cewa ya yi sauri. A gindin dutsen nan aka tsince shi, ranar da wata ya cika, da ruwa ya janye gab da faɗuwar rana. Tun daga lokacin ban taɓa fashin zuwa ba.

Malam Joen na haikali ya tuna min wai addu'ar mamaci ana iya jawo ta gaba, jinkirtawa ce ba a yi ko da kwana ɗaya, wai ko zan so a yi ta tun yanzu kafin sanyi ya tsananta. Na ce masa a'a. Na jira shekara talatin da biyu, ba zan kasa jiran wata biyu ba. A ranarsa za a yi.

Na tanadi shinkafa, na shanya kifi, na wanke mayafin da za ka rufa. Ka nemi izini wurin maigidanka tun da wuri, kada ka zo min da zancen aiki.

Goggonka, Kume


Osaka, uku ga watan sha ɗaya

Zuwa ga Goggo.

Na gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa. Wasiƙarki ta iso, na karanta wa Oriyo, ta yi ta dariyar haƙoran nan bakwai. Duk muna lafiya, sai dai idona da ke ruwa idan na daɗe a kan katako. Ki riƙa ɗaure gwiwar da tsumma mai ɗumi, kuma ki bar ɗaukar guga biyu a tashi ɗaya, na san ki.

Zan zo, Goggo. Na yi wa maigida magana ya yarda, zan shiga jirgi takwas ga watan sha biyu in sauka Onomichi, in jira mai jirgin gishiri ya ƙetare da ni. Ina tuna Baba Rihei. Fuskarsa ta ɓace min, amma ina tuna warin gishiri a gashinsa da yadda yashi ke ƙara ƙarƙashin ƙafarsa.

Ga kalandar baɗi na naɗe miki a ciki, tun farkon watan jiya muka fara sayarwa. Ki duba ta da kyau, hannuna ne ya sassaƙa allon da aka buga ta da shi, tun daga bazara nake kansa, kowane harafi a juye. Za ki ga baɗi wata sha uku ne, watan shida zai zo sau biyu. Akwai wani tsoho a shagonmu, Choan, shi ke duba lissafi kafin mu sa wuƙa a katako. Na tambaye shi dalili, ya ce wata yana gama zagayensa sha biyu ya bar rana a baya da kwana sha ɗaya kowace shekara, to idan kwanakin suka taru sai a ƙara wata guda don su daidaita, sau bakwai cikin shekara sha tara. Goggo, mutumin nan yana zaune a ɗaki mai taga ɗaya, ga tari, ga tsufa, amma zai gaya miki ranar da wata zai cika shekara goma masu zuwa, kuma ya cika. Shekarata ashirin a shagon nan, har yau abin bai daina ɗaure min kai ba.

Shi ne ma ya lissafa min cewa a jerin sunayen shekaru, baɗi shekarar zakara ce ta ruwa, irin wadda aka haife ki a cikinta. Sau ɗaya take dawowa cikin shekara sittin. Ke nan kalandarki ta zagayo, kin koma jaririya, kuma dole ki sa jar riga kamar yadda ake yi. Oriyo ta riga ta yanka yadin, ba kuma za mu saurari gardama ba.

Ɗanki, Sakuzo


Osaka, sha huɗu ga watan sha ɗaya

Goggo, ina gaisuwa, a tsaye nake rubutu. Kada ki jira sha biyar ga watan sha biyu, bana babu ita. Ki sa Malam Joen ya yi addu'ar kafin biyu ga watan sha biyun, ko gobe ma in zai yiwu. Ba zan samu zuwa ba, an hana kowa fita daga shago. Kalandar da na aiko miki ba ta da amfani, ki sa a murhu. Zan yi bayani.

Sakuzo


Tsibiri, ashirin da shida ga watan sha ɗaya

Sakuzo.

Ina lafiya, tunda ba ka tambaya ba. Iska ta hana jirgi ƙetarowa kwana tara, sai jiya mai jirgin gishiri ya miƙo min wannan guntuwar takarda taka, wadda ko kifi ɗaya ba za ta naɗe ba.

Na karanta sau uku. Na kai wa maƙwabciyata Otoku ta karanta, ko idona ne. Ta ce ita ma abin da ta gani ke nan. Wai bana babu sha biyar ga wata. To ina ta tafi? Ɓera ya ci, ko kuwa kun sayar wa baƙin nan masu jan gashi? Ga kalandar bana nan a bangon ɗakina, kai ka aiko min da ita bara, ga watan sha biyu da kwanansa talatin cif, ga sha biyar ɗin na sa mata ɗigon ja tun farkon shekara. Na taɓa ta da yatsana yanzun nan, tana nan.

Mai jirgin ma ya zo da wannan tatsuniya, wai a shagunan giya na Onomichi ana cewa za a yanke shekara. Mutumin da ya taɓa rantse mana ya ga kifi mai fuskar mace! Duk bakin teku aka yi masa dariya. Ashe har da kai. In ba ka son zuwa, Sakuzo, ka ce Goggo aiki ya riƙe ni, in ji zafi in haɗiye. Amma ka tsinci zancen mashaya ka yi min mayafi da shi, wannan ban koya maka ba. Kuma ka ce in jawo addu'ar mijina gaba in yi ta a gurguje kamar mai korar baƙo, don kai ka huta.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Na goya ka kana zazzaɓi na zagaya da kai tsibirin nan har zazzaɓin ya sauka. Abu ɗaya na taɓa roƙonka.

Kalandar baɗi kuwa ba zan ƙona ba, aikinta ya yi kyau, ko da mai aikin ya lalace. Ran sha biyar zan riƙe allon da hannuna.

Kume


Tsibiri, ban san kwanan watan da zan rubuta ba

Ɗana Sakuzo,

Ina gaishe ka, kuma ina neman gafararka. Idan waccan wasiƙar ta riga ta iso, ka sa ta a murhun da ka ce in sa kalanda. Jikina ba daɗi, kwana biyu ban iya cin komai ba.

Shekaranjiya da hantsi, a lissafinmu huɗu ga watan sha biyu, ina bakin rijiya da guga a hannu, sai aka buga ganga aka tara mu ƙofar mai gari Heizo. Ya fito da rigarsa ta zuwa gaban manya, ya warware takarda mai hatimi wadda ta maƙale a Onomichi saboda iska, ya karanta mana. Wai umarni ne daga Tokyo, duk ƙasar Japan an daina bin wata, an koma bin rana irin na mutanen yamma. Watan sha biyu ya ƙare tun ran biyu gare shi. Ranar da muke tsaye a cikinta biyu ce ga watan ɗaya na sabuwar shekara.

Ka ji fa, Sakuzo. Sabuwar shekara ta shigo tun kwana ɗaya kafin ranar ke nan, ta same mu ba mu share gida ba, ba mu daka shinkafar mochi ta bikin ba, ba mu kafa ko reshe ɗaya a ƙofa ba, ta zo ta wuce muna gyaran koma. Kowa ya ƙara shekara bai sani ba. Ni na cika sittin da ɗaya da guga a hannu. Otoku ce ta fara magana, ta ce ranka ya daɗe, to kwana ashirin da takwas ɗin da suka rage wa ya ɗauka, kuma za a dawo mana da su? Mai gari ya ce ba a tambayar takarda mai hatimi. Ya ce kowa ya sauke tsohuwar kalanda daga bango, wanda ya ci gaba da kiran tsoffin ranaku ya saɓa wa gwamnati.

Ban san akwai masu ikon da za su sa hannu su ɗauke wata guda daga duniya ba. Na ga yunwa, na ga an canza masu mulki, amma wannan ban taɓa ko mafarkinsa ba.

Daga nan na wuce haikali. Malam Joen ya buɗe littafin mamata ya daɗe yana kallo. Ya ce ranar Rihei ba ta zo ba, kuma ga shi an ce shekarar ta fita. In ya yi addu'ar yanzu, a sabuwar shekara ya yi ta, ya makara ke nan. In ya jira wani watan sha biyun, ya fi makara. In kuma ya kira tsohuwar rana, mai gari na nan. Ya rubuta wa babban haikali yana jiran amsa, ka kuwa san amsarsu, sai itatuwa sun yi fure. Na ce to Rihei fa? Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Da kin yarda mun yi ta tun watan goma."

Gaskiya ya faɗa. Shi ya ba ni shawara na ƙi, kai ka aiko min da gargaɗi da sauran kwana bakwai a hannuna na zage ka. Taurin kaina ne ya bar shi a ƙofa, kuma yanzu ƙofar ce ma aka ɗauke. Yau da safe na kai masa shayi na kasa ɗaga ido in dubi allon.

Goggonka, Kume


Osaka, uku ga watan ɗaya a sabon lissafi, shekara ta shida

Zuwa ga Goggo.

Ina gaishe ki, ina fata gwiwa da sauƙi. Jiya wasiƙarki ta faɗa ta iso, ta ashirin da shida ga wata. Na sha zagi, kuma na cancanta, don wanda ya aika wa uwarsa layi biyar a kan magana irin wannan ya nemi abin da ya samu. Amma abin da ya tayar min da hankali shi ne na gane ba ki yi addu'ar ba, kuma war haka labari ya iso ku. Na san Malam Joen da tsoro, na san ki da ɗora wa kai laifi. Shi ya sa na ajiye wuƙa na zauna rubuta wannan.

Ranar da umarnin ya iso Osaka, maigida ya rufe ƙofar shago ya ce ba mai fita sai an sassaƙa sabuwar kalanda. Allunan da na yi wata biyar a kansu aka tara a tsakar gida aka fasa da gatari, da su aka dafa mana abinci. Na ga watan shida na biyu yana ci da wuta a ƙarƙashin tukunya. Na yi kuka, Goggo, ƙato da ni.

Jiya da na gama karanta wasiƙarki na je wurin tsoho Choan na gaya masa komai, na ce ina ranar Baba Rihei ta tafi? Ya sa takalmansa, ya ja ni har kan gada daidai faɗuwar rana, ya nuna min yamma da sandarsa. Ga jinjirin wata nan a rataye. Ya ce kai ɗan masunta ne, kwanansa nawa? Na ce huɗu. Ya ce, "To shi ba a kai masa takardar ba."

Goggo, na tsaya a kan gadar nan mutane suna ture ni ban ji ba. Shekara ashirin ina sassaƙa ranaku har na ɗauka a cikin katako suke zaune. Ashe suna kawai muke rubutawa. An canza wa ranakun suna, amma ba wadda ta fasa zuwa. Choan ya ce ita ma sabuwar kalandar ba ƙarya ba ce, tafiyar rana take bi, kwana ɗari uku da sittin da biyar da 'yan sa'o'i, kuma za ta fi gaya wa manomi lokacin sanyi da zafi daidai. Sai dai teku ba da rana take shawara ba, da wata take yi.

Ga lissafin. Ranar da suke kira sha uku ga watan ɗaya, ita ce sha biyar ga watan sha biyu, ba gaba ba baya. Ba ki makara ba. A ranar, idan rana ta sunkuya, ruwa zai janye, hanyar yashi za ta fito har Dutsen Kunkuru, kuma Choan ya ce wata zai fito cikakke ta gabas tun rana ba ta gama faɗuwa ba. Abu ɗaya ne bai iya lissafawa ba, iska. In ta taso daga kudu tana iya riƙe ruwan.

Na tsinci guntun allon da gatari ya bari, na sassaƙa ranar nan ita kaɗai a bayansa, sunayenta biyu gefe da gefe, na buga miki a 'yar takardar da ke ciki. Ki kai wa Malam Joen. Ya rubuta sabon sunan a littafinsa saboda mai gari, ya kira tsohon saboda Baba. In ya yi gardama kada ki yi masa faɗa, ki ce kawai ya raka ki bakin teku ya gani.

Har yanzu ba a barin mu fita, ba zan riƙe allon ba, kuma wannan zai daɗe yana ci min rai. Amma a ranar zan hau gada in tsaya. Ga jar rigar nan Oriyo ta gama.

Ɗanki, Sakuzo


Tsibiri, sha huɗu ga watan ɗaya, ko sha shida ga watan sha biyu, ka zaɓi wanda ka ga dama

Ɗana,

Gaisuwa da sa albarka, gare ka da Oriyo da 'ya'yan, da wannan tsoho Choan da ban taɓa gani ba. Ka ce masa wata tsohuwa a tsibiri ta rusuna masa har ƙasa, da gwiwar hagun da komai. Ina lafiya, na ci abinci.

Wasiƙarka ta iso shekaranjiya, saura kwana ɗaya tak. Ina kwance Otoku ta kawo min. Kwana goma ban fita da yamma ba, ka ga wautata, da na ɗaga kai ma da na gani da idona. Na karanta, na tashi, na ɗaura ɗamara, sai haikali.

Malam Joen ya juya 'yar takardarka gaba da baya, ya ce aikin hannu mai kyau, amma ba hatimi. Faɗan ya zo min har maƙogwaro, na tuna ka hana ni. Na ce masa, "Malam, gobe ka raka ni bakin teku. In hanya ba ta buɗe ba, na haƙura, ba zan ƙara damunka ba. In ta buɗe, ka san ranar ta zo." Ya ce zai zo, amma don ya riƙe ni kada in faɗi. Na lura dai da ya zo jiyan, da ƙararrawarsa da rigar addu'a a ƙunshe a hammata.

Da safe iska ta taso daga kudu, Sakuzo. Na zauna a ƙofa da allon a cinyata ina kallon ruwa yana dukan duwatsu. Ban roƙi kowa komai ba, na gaji da roƙo. Bayan tsakar rana sai ta fara sassautawa, kafin la'asar ganye ma ba ya motsi.

Muka sauka bakin teku, ni da Malam da Otoku. Labari ya zaga, sai ga rabin tsibiri a bayanmu, har da mai gari Heizo wanda ya ce shi jiragensa ya zo dubawa. Ruwa yana nan shimfiɗe, ba alamar komai. Wani ya yi tari, wani ya ce a koma gida. Sai Otoku ta damƙe min hannu. Kan Kunkuru ne ya ɓullo, baƙi, yana sheƙi. Sai wuyansa. Sai yashi ya fara fitowa daga ƙarƙashin ƙafafunmu yana miƙewa, ruwa yana ja baya hagu da dama a hankali, har hanya ta kai gindin dutsen. Sau talatin da biyu na ga wannan abu, amma ban taɓa ganinsa ba sai jiya. Mutum yana ɗaki mai taga ɗaya a Osaka ya ce teku za ta matsa a sa'a kaza, ta kuwa matsa.

Na shiga gaba da allon. Muna isa tsakiyar hanya Malam Joen ya tsaya cak, ya ce in duba. Rana ja wur tana zaune a kan ruwa ta yamma, wata kuma ya fito ta bayan tsaunin gabas, cikakke, ƙato, suna kallon juna, mu muna tsakiya a kan ɗan siririn yashi. Malam ya warware ƙunshinsa ya sa riga. Ya buga ƙararrawa, ya ɗaga murya yadda na bakin gaɓa za su ji, ya ce sha biyar ga watan sha biyu. Na waiwaya, sai na ga mai gari ya haɗa tafukansa ya sunkuyar da kai kamar kowa.

An yi addu'ar cif, ba a rage ko layi ba. Na kira sunan Rihei na ƙarshe, na ce masa ya shiga, ya daina tsayuwa. Muka juyo ruwa yana lasar mana dugadugai. Na san kana kan gada a lokacin, don haka ka riƙe allon, ni na ce ka riƙe. Malam ya karɓe shi a ƙofar haikali ya shiga da shi ciki.

Yau da safe na zuba shayi kofi biyu kamar kullum, na juya wurin da allon yake, na buɗe baki, sai na ga wurin fayau. Shekara talatin da biyu ina fafutukar in kai waccan rana, ban taɓa tambayar kaina yadda washegarinta za ta kasance ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, kukan da ban yi jiya ba. Sannan na zauna na shanye duka biyun, a cikin jar rigar nan da ta sa Otoku dariya har da riƙe ciki.

Ka aiko min da sabuwar kalandar taku in rataya. Ba ni da sauran ranar da nake tsaro, duk sunan da suka ba su na karɓa. Kuma idan an buɗe muku ƙofa ka zo, ko ran nawa ga wata ne. Hannuna ba zai daina zuba biyu ba, ka zo ka sha ɗayan.

Goggonka, Kume